Sheƙar mikiya a bayan filin jirgi: a sauke ta ko a bar ta?

"Assalamu alaikum. Malam, gidanmu na gado yana Jaba, bayan filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. A gonar bayan gida akwai wani tsohon maɗaci da ko kakanmu tarar da shi ya yi. Shekara biyu ke nan wasu manyan tsuntsaye biyu, da muke kyautata zaton mikiya ce, suka yi sheƙa a ƙololuwarsa. Kwanan baya wasu ma'aikata suka zo suka ce sheƙar haɗari ce ga jirage, ko dai a sauke ta ko a sare bishiyar. Mahaifinmu ya ce allambaram, balle da yara suka ce kamar macen tana kwanci. Ni kuma na ji an ce doka ta hana taɓa irin waɗannan tsuntsaye don sun kusa ƙarewa. Shin da gaske tsuntsu zai iya kayar da jirgi? Idan kuma kare tsuntsu da tsaron jirgi suka ci karo, wanne ake bi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya saka da alheri da ka tsaya tambaya kafin a ɗauko gatari ko a ɗauko rigima. Idan na fahimce ka, abu biyu ne suka haɗu a kan bishiya ɗaya: ga tsuntsun da ake fargabar ƙarewarsa, ga jirgi cike da mutane yana wucewa ta samansa, kana son sanin wanda zai kauce wa wani. Ilimin tsuntsaye na karanta, daga baya aiki ya haɗa ni da masu korar tsuntsaye daga titin jirgi, don haka na san yadda maganar take a bakin kowane ɓangare. Sai dai ban ga maɗacinku ba, ban ga tsuntsayen ba, kuma ba da yawun wata hukuma nake magana ba.

Ƙwarai kuwa, tsuntsu yana jawo faɗuwar jirgi, ya kuma sha faruwa. Idan aka tabbatar tsuntsayenku suna ratsa hanyar jirage, ran mutane ne a gaba, babu ƙasar da ke ja da wannan. Amma kusancin sheƙa da filin jirgi shi kaɗai bai isa hujja ba. Abin dubawa shi ne ina tsuntsun yake zuwa idan ya bar sheƙar, kuma me yake kai shi can.

Yadda tsoka da gashi ke lalata ƙarfe

Sirrin yana cikin gudu. Idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karo sau huɗu yake ninkawa. Jirgin fasinja yana barin ƙasa da gudun kilomita 250 a awa ko fiye. Tsuntsu mai kilo 4 da ya gamu da shi a wannan gudun, bugunsa daidai yake da a sako buhun siminti daga saman bene mai tsayin mita 20. Shirwa ma, da ba ta cika kai kilo ɗaya ba, nata bugun ya kai a sako buhun daga kan rufin soro.

Inda aka fi jin tsoro shi ne injin. A bakinsa akwai farfela mai fuka-fukai da yawa tana juyawa dubban zagaye a minti, tana zuƙar duk abin da ya gifta. Fiffike ɗaya ya lanƙwashe ko ya karye, sai ya bi ta kan sauran. Kafin a amince da sabon injin, ana harba masa gawar tsuntsu mai nauyin kilo 1.8 zuwa 3.65, gwargwadon girman bakinsa. Sharaɗin cin jarrabawar shi ne kada injin ya tarwatse, kada ya kama da wuta, a iya kashe shi lafiya. Ba a ce sai ya ci gaba da aiki ba. Manyan mikiyoyi kuwa akwai masu haura kilo 5, wato sun wuce abin da aka gwada injin da shi.

Wanda duniya ta fi sani shi ne na ranar 15 ga Janairun 2009, da jirgin US Airways ya tashi daga New York ya faɗa cikin garken wasu manyan agwagin daji irin dinya, injuna biyun suka mutu, matuƙin ya sauke shi a kan kogin Hudson, duka mutum 155 suka tsira. Wanda ya fi kusa da mu bai zo da wannan sa'ar ba. A watan Satumban 1988, jirgin Habasha ƙirar Boeing 737 yana tashi daga Bahir Dar ya haɗiyi garken hasbiya, hasbiyar nan dai da ke kwana a rufin makarantunmu. Injunan suka mutu kafin ya samu komawa titin, mutum 35 suka rasu.

Ka lura duka biyun garke ne. Tsuntsu tilo galibi injin ɗaya yake kashewa, jirgin fasinja kuma an ƙera shi ya iya tashi ya dawo da injin ɗaya. Abin da ke biyo baya shi ne saukar gaggawa, fasinjoji su kwana a fili, kamfani ya yi asarar maƙudan kuɗi. Ƙananan jirage da masu saukar ungulu su ne babban tsuntsu guda ke iya fasa musu gilashi ya samu matuƙi a fuska. Ba na faɗin haka don a raina haɗarin, sai don a ajiye shi a mizaninsa.

Mafi yawan karon a ƙasa-ƙasa yake faruwa. Ƙididdigar hukumar jiragen sama ta Amurka ta nuna kusan kashi 70 cikin 100 suna aukuwa ne ƙasa da tsayin mita 150, wato lokacin tashi da sauka, daidai lokacin da matuƙi ba shi da sararin kaucewa. Akwai dai na ban mamaki: a 1973 wani jirgi ya yi karo da babbar ungulun dutse a tsayin mita 11,300 a saman Abijan. Mu a Kano ƙarin damuwarmu shi ne gari ya riga ya haɗiye filin jirgin. Titin ya miƙe ne daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, jirgin da ya tashi ta ɓangaren gari kan gidajen mutane yake bi. Haɗarin Gwammaja na watan Mayun 2002 ba tsuntsu ne ya jawo shi ba, amma ya nuna mana inda jirgi ke faɗawa idan ya kasa ɗagawa.

Inda rigimar ta fi zafi

A Amurka aka fi tafka wannan muhawara, dalilin kuwa nasara ce ta zame musu alaƙaƙai. Mikiyarsu mai farin kai, wadda ke jikin tambarin ƙasar, ta kusa shafewa: a 1963 ma'aurata 417 kacal aka ƙirga a jihohi 48. Aka hana maganin ƙwari na DDT a 1972, aka tsaurara kariya, ta farfaɗo har aka cire ta daga jerin masu fuskantar ƙarewa a 2007. Ƙiyasin da aka fitar a 2021 ya haura tsuntsu 300,000. Da suka yawaita sai suka fara sheƙa a gefen filayen jirage, alhali dokar 1940 da ke kare su tana nan, ko sheƙar da babu kowa a ciki ba a sauke ta sai da izini a rubuce.

A birnin Norfolk na jihar Virginia akwai lambun shaƙatawa da ke maƙwabtaka da filin jirgi. Wasu mikiyoyi biyu suka yi sheƙa a ciki, aka kafa musu kyamara, dubban mutane suna kallonsu ta intanet kamar 'yan gidansu. A watan Afrilun 2011 jirgi yana sauka ya buge macen ta mutu, ta bar 'ya'ya uku, aka kwashe su zuwa cibiyar kula da namun daji. Daga 2012 hukumomin birnin suka samo izini suka fara sauke sheƙar. Namijin ya samu wata macen ya sake gini, aka sauke, ya sake, aka sauke, masoyan tsuntsayen kuma suka garzaya kotu.

Abu biyu nake so ka riƙe daga labarin. Ko a ƙasar da ta fi kowa ji da mikiyarta, da aka zo gaɓar zaɓi, tsaron jirgi aka fifita, amma ta hanyar takarda da bincike, ba wani ya zo da baki kawai ba. Sannan sauke sheƙa bai sa tsuntsun ya tattara ya bar unguwar nan take ba, don abin da ya zaunar da shi, wato ruwa da kifi da dogayen itatuwa, yana nan.

Wane tsuntsu ne a kan maɗacin?

Kafin komai sai an san wannan, don hukuncin ya rataya a kansa. A irin kiran da ake yi mini cewa mikiya ta yi sheƙa a cikin gari, mafi yawa idan na je shirwa nake tararwa. Daga ƙasa duk babban tsuntsu mai ruwan ƙasa kama yake yi wa ido.

Ka dubi wutsiya idan tana shawagi. Ta shirwa a tsage take, tana kuma murɗa ta hagu da dama tana sarrafa iska da ita. Bakin irin tamu rawaya ne, sheƙarta kuma ba ta rasa tsumma, leda ko takarda. Mikiya ta gaskiya ta fi ta kauri nesa ba kusa ba, fuka-fukanta faffaɗa ne, wutsiyar a zagaye, kuma da yawansu gashi ya rufe musu ƙafa har zuwa yatsu kamar sun sa wando. Gaggafa ba ta ɓuya: jan fuska, jan ƙafa, wutsiya guntuwa ƙwarai, tana tafe a sama tana tangaɗi. Ungulu kuwa ka san ta da sanƙo.

Idan shirwa ce, maganar ta yi sauƙi ta fuskar kariya, don tana da yawa kuma ba ta cikin haɗarin ƙarewa, ko da yake ta fuskar jirgi ita ce ta fi ba mu wahala. Idan kuwa mikiya ce da gaske, ko gaggafa, ko ungulu, to abin da ke kan bishiyarku ba ƙarami ba ne. Ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sa ungulun gari a matakin haɗari mafi tsanani tun 2015, ta kuma ɗaga gaggafa da babbar mikiyar dawa zuwa matakin haɗari a 2020. Wani bincike da aka wallafa a farkon 2024 ya duba nau'i 42 na tsuntsaye masu farauta a Afirka, ya tarar 37 suna raguwa, Afirka ta Yamma kuma tana cikin inda abin ya fi muni. Ba sai an kawo maka takarda ba ma. Tambayi Baba yadda ungulu take a kwata da bakin kasuwa lokacin ƙuruciyarsa, sannan ka tuna rabonka da ganin ko guda ɗaya a cikin birni.

Abin da ya sa sheƙa guda take da nauyi a wurin irin waɗannan shi ne jinkirin haihuwa. Ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara. Babbar mikiya ma ɗaya ne, wani lokaci sai ta tsallake shekara, ɗan kuma sai ya shekara biyar ko fiye kafin ya fara nasa. Kaza ta yi asarar ƙwai, mako mai zuwa ta sake. Ita wannan ta yi asarar shekara guda ke nan.

Ungulu ba ta jewar banza

Nan ne nake yawan saɓawa da masu gaggawar sare itace. A idon tsuntsu, filin jirgi dausayi ne a tsakiyar gari: fili fetal, ciyawa, fara, ɓeraye, gafiya, ƙadangaru, ruwa kwance bayan an yi sama, ba makiyayi, ba yara masu danƙo. Da ruwan farko ya sauka, garar nan mai fiffike ta fito, za ka ga shirwa da balbela sun cika sararin titin. Ranar da aka yanke ciyawa kuwa balbela bin motar yankan take yi sahu-sahu, shi ya sa masu lura suke yanka a lokacin da jirage suka yi sauƙi, su kuma kwashe ciyawar nan take. Kwalta da rufin kwano suna ɗumama iska da hantsi, iskar ta yi sama, manyan tsuntsaye su hau ta suna jewa ba tare da kaɗa fiffike ba, sau da yawa daidai tsayin da jirgi ke bi yana sauka.

Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ba da shawarar a sa ido kan duk abin da ke tara tsuntsaye a cikin kilomita 13 daga filin jirgi, musamman juji. Indiya, wadda ta sha fama da ungulu da shirwa a filayenta, doka ta kafa ta hana yanka dabbobi da zubar da shara a fili cikin kilomita 10. To ɗauki wannan ma'auni ka ɗora a kan Kano. Sabon Gari, Fagge, Kurmi, Dala, Kurna, Brigade, har gidan Sarki duk suna ciki. Ga Jakara tana ratsawa da abin da ta kwaso, ga lambunan Kwakwaci, ga kududdufai, ga bola a kowace unguwa, ga wuraren yanka da ake watsar da tumbi da jini a sarari. Lokacin da jiragen farko suka sauka a Kano a 1925, kewayen inda filin yake yanzu gonaki ne. Yau mutane miliyoyi ne ke ciyar da shirwa da hankaka kullum ba tare da sun sani ba.

A ganina, bola ɗaya da ke kan layin saukar jirgi ta fi sheƙar mikiya goma haɗari, don ita garke take tarawa, kuma kullum. Sai dai kwashe bola aiki ne na hukumomi da yawa, da kuɗi, da faɗa da mutanen unguwa, alhali sare bishiya aikin yini ɗaya ne da za a iya rubutawa a rahoto. Ban ce ma'aikatan da suka zo muku ba su da gaskiya ba. Mai yiwuwa sun ga abin da ba ku gani ba. Ina dai cewa a tambaye su me suka gani.

Akwai ma wadda ta fi mikiya sa mu cikin tsaka mai wuya a ƙasar Hausa, wato shamuwa. Tana zuwa da damina ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, jama'a suna murna da ita, ba mai taɓa ta. Nauyinta ya haura kilo ɗaya, tana tafiya a garke, abincinta kuma fara ce, wadda ciyawar filin jirgi ke cike da ita. Wanda duk ya taɓa zuwa ya ce wa mai unguwa a sauke sheƙar shamuwa ya san abin da ake kira kallon banza.

Hanyoyin da ake bi

Matakin farko ido ne. Yadda nake yi, nakan samu wurin da zan hango bishiyar da kuma bakin titin jirgi a lokaci guda, in zauna tun asuba, in dawo da hantsi, in dawo da la'asar, kwanaki a jere. Duk tashin da tsuntsu ya yi a rubuta: ƙarfe nawa, ina ya nufa, tsayin nawa, ya tsallaka layin jirgi ko bai tsallaka ba. Sau da yawa sakamakon yakan ba da mamaki. Akwai sheƙar da ke jikin katangar fili amma masu ita gonakin baya suke farauta, ba ruwansu da titin. Akwai kuma mai nisan kilomita uku da masu ita kullum sai sun ratsa layin sauka don zuwa wurin abinci. Ku a Jaba, idan tsuntsayen Fanisau suke nufa suna juya wa filin baya, magana ɗaya ce. Idan cikin filin suke shiga kamun gafiya, magana ta sauya. Haka nan a duba littafin da ake rubuta karon tsuntsaye a filin: an taɓa samun irin wannan tsuntsun a ciki? Shi ya sa nake yawan roƙon masu gyaran jirgi kada su wanke jini da gashin da suka tarar sai an ɗebi samfuri, don da gashi guda ana iya gane nau'in tsuntsu.

Idan binciken ya nuna haɗarin kaɗan ne, a bar su su gama. Shirwa wata ɗaya take kwanci, 'ya'yan su tashi bayan mako shida zuwa bakwai. Mikiya kwancinta kusan mako shida ne, renon kuma ya kusa wata uku. A tsawon lokacin sai a tsananta kora a cikin filin, a rage ɓeraye, a sanar da hasumiyar kula da jirage ta riƙa gargaɗin matuƙa. Amma kada in ɓoye maka, jiran ma yana da nasa haɗarin. Iyaye masu ciyar da 'ya'ya sun fi kai-kawo, sannan ɗan da ya fara koyon tashi shi ne ya fi kowa faɗa wa jirgi, don bai iya sarrafa fiffike ba, bai kuma san abin tsoro ba. Saboda haka idan sheƙar tana daf da bakin titin, akan kwashe 'ya'yan kafin su tashi a kai su hannun masu reno, a sake su a daji mai nisa. Wannan aikin ƙwararru ne, renon ɗan mikiya ba kiwon tattabara ba ne.

Bayan sheƙa ta zama kango sai a sauke ta, a rage rassan da suka riƙe ta yadda ba za ta sake zama ba. Babban tsuntsu yana bukatar reshe mai ƙarfi mai gwafa a can sama, da sararin sauka. Idan aka cire wannan, an kore shi ba tare da an kashe maɗacin da ya girmi kowa a gidan ba. Dole a ci gaba da lura a shekara mai zuwa, da an ga sun fara tara kirare a zubar tun kafin a yi ƙwai. Sare bishiya gaba ɗaya shi ne na ƙarshe, kuma sau da yawa tsuntsun ƙarfen sabis na kusa yake komawa, wanda ya fi bishiyar tsayi.

Kamawa a kai nesa ana yi, ya fi aiki a kan matasa. Manya da suka riga suka kafa gida sukan dawo ko an kai su ɗaruruwan kilomita, ungulu dai da gidanta na tsamiya. Harbi kuwa yana cikin kayan aikin filayen jirage a duniya, ba zan ce maka babu shi ba, amma ga tsuntsu mai ƙaranci shi ne mafi tsada kuma mafi ƙarancin amfani. Mikiya mai gida tana korar 'yan'uwanta daga yankinta. Ka kawar da ita alhali abincin yana nan, gurbi ka buɗe wa baƙuwar da ba ta san jirgi ba. A nan masana sun rabu: wasu suna ganin tsohuwar mazauniya ta koyi kauce wa jirgi, gara a bar ta, wasu kuma suna nuna macen Norfolk da ta shekara da shekaru a gefen fili amma ƙarshenta jirgi ne. Ni ina karkata ga na farko idan sheƙar ba ta kan layin sauka, ina bin na biyu idan tana kai.

Su bindigar gas mai ƙara, harsashin wuta da kukan tsuntsu da ake sakawa a lasifika, suna aiki ne muddin akwai mutum a bayansu yana sauya wuri da lokaci. Idan aka kafa aka tafi, cikin 'yan kwanaki tsuntsaye sun gane ƙarar banza ce. Na ga hankaka zaune a kan bindigar gas yana gyaran gashi. Inda aka sa hankali da kuɗi kuwa ana samun mafita mai kyau. Filin jirgin King Shaka na Durban a Afirka ta Kudu, da aka buɗe a 2010, yana kusa da wata fadamar da miliyoyin tsattsewa ke kwana. Maimakon a ƙone fadamar, sai aka kafa na'urar hango tsuntsaye, idan garken ya taso da magariba a gargaɗi matuƙa ko a ɗan jinkirta jirgi.

Doka, da yadda za ka tunkari Baba

Dokokin biyu duk suna nan, ɗaya ba ta soke ɗaya ba. Najeriya tana da dokar kare halittu masu fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli tana cikin masu aiwatar da ita, jiha kuma tana da sashen kula da namun daji a ma'aikatar muhalli. A ɗaya gefen, ƙa'idojin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, sun wajabta wa mai tafiyar da filin jirgi, wato FAAN, ya kasance da tsarin magance haɗarin tsuntsaye. Inda suka haɗu shi ne a rubuce: wanda zai taɓa sheƙar ya zo da takarda daga ofishinsa, da sanin masu kula da namun daji. Ni ba lauya ba ne, batun haƙƙinku a kan bishiyar da diyya idan ta kai ga sarewa, ku nemi mai ilimin shari'a.

Ku tambaye su kuma: sheƙar ce matsalar ko tsayin bishiyar? Abu biyu ne daban. Dogon itace a kan layin tashi haɗari ne ko babu tsuntsu a kansa. A nan Kano, a watan Yunin 1956, jirgin kamfanin BOAC ya tashi cikin hadari, iska ta danno shi ƙasa ya bugi bishiya, mutum 32 suka rasu. Idan tsayi ne damuwarsu, akwai ma'aunin da ake bi, kuma sau da yawa rage kan bishiyar ya wadatar.

Shi kuwa Baba, Allah ya ƙara masa lafiya, kada ka je masa da cewa ya yi kuskure, don tausayinsa yana da asali. Abu Dawud ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a halin tafiya, ta zo tana kaɗa fiffike, Manzon Allah (SAW) ya umarce su su mayar mata da 'ya'yanta. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito halittu biyar da aka yarda a kashe saboda cutarwarsu, shirwa da hankaka suna ciki. Malamai ne za su yi bayanin hukunci, amma ko ɗalibi ya ga cewa an hana cutar da tsuntsu a banza, an kuma ba da damar kawar da cuta idan ta tabbata. Ka nuna masa cewa abin da kuke nema shi ne a tabbatar tukuna, in ya tabbata a jira 'ya'yan ko a kwashe su da rai, bishiyar kuma a yi mata aski maimakon sara. Ku sa mai unguwa a cikin zancen tun yanzu. Don gane nau'in tsuntsun, sashen nazarin halittu na Jami'ar Bayero yana kusa da ku, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a Jos, akwai kuma gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, NCF.

Wani haɗarin da ba ka ambata ba, wanda a wurina ya fi jirgi kusa da tsuntsayen nan, shi ne masu saye. Kan ungulu, ƙwanta, gashin mikiya da faratanta duk suna da kasuwa a wurin masu haɗa magani, wannan ciniki yana cikin manyan abubuwan da suka ƙarar da ungulu a Najeriya. Da labari ya bazu cewa za a sauke sheƙa, za ka ga masu zuwa taimako da tsani. Kada ka sa hoton bishiyar da kwatancen gidanku a Facebook. Hoton da za ka kai wa masana, ka ɗauke shi daga nesa da hantsi, lokacin da tsuntsun yake shawagi, yadda wutsiya da ƙasan fuka-fukai za su fito, in ka samu na ƙafafu yana zaune ya fi. Yara kuma a hana su hawa leƙe, don idan uwar ta firgita ta bar ƙwai a ranar Kano, ko zafi ya kashe shi ko hankaka ya riga ta dawowa.